Fulawar da Na Dafa wa Yayata

A lokacin da abin nan ya faru, ni mai sayar da fulawa ne a bakin titi wajen Durumi, inda muke jera tukwane a gefen wani ɗan rafi. A Mpape nake kwana, in yi sammako in zo ban ruwa. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya yi ni da son a ce na sani. In na tsinci magana a bakin kwastoma da safe, kafin la'asar ta zama tawa, ina karantar da abokan sana'a. Wannan halin ne ya kusa sa ni kashe matar da ta raine ni.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Dutse Alhaji. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau kuma auta take ce mini. Wani kumburi ya fito mata a wuya, aka yi ta gwaji, daga ƙarshe aka ce ciwon daji ne, amma irin wanda ake cin ƙarfinsa idan an bi allurai a kan lokaci. Ta fara karɓa. Duk ranar da aka ɗaura mata ruwan allurar sai ta kwana uku tana amai, gashinta ya zube, ko ƙanshin miya ba ta so. Nakan je in zauna a bakin ƙofa, in kasa haɗa ido da ita.

Ana haka wata madam 'yar Filato, mai aikin haɗa magunguna, ta tsaya sayen shuka. Ta nuna wata 'yar fulawa mai ruwan hoda da muke bayarwa gyara, don ko a tsagar siminti fitowa take. Ba zan faɗi sunanta ba, kada wani ya bi sahuna. Ta yi dariya ta ce, "Oga, ka san wannan ƙaramin fulawa, daga jikinsa ake cire allurar kansa, wato ciwon daji?" Na roƙe ta ta rubuta mini sunan allurar a bayan kwali. Tana shiga mota tana ƙara wani bayani a kan yadda ake tacewa, ni kuwa hankalina ya riga ya yi Dutse Alhaji. Da na duba takardun Yaya, sai ga sunan nan a cikin jerin abin da ake yi mata.

Nan na haɗa nawa ilimin. Na ce Turawa sun ɗauki ganyen Allah sun cakuɗa da sinadarai, su ne ke wahalar da ita, ga asalin abin kuma a gabana ina ba shi ruwa kullum. Mijinta direban babbar mota ne, yana hanya. Na zauna na tsara mata magana har ta ce in dai ni na faɗa, za ta sha. Na riƙa dafa ganyen ina kai mata a jarka. Ta tsallake ranar asibiti sau biyu, da suka kira kuma na sa ta ce ta yi tafiya. Amai ya tsaya, ta fara cin tuwo, ni kuwa har da bugun ƙirji a wajen aiki. Ban gane barin allurar ne ya kawo sauƙin ba.

Sai cikinta ya ɗaure, yatsunta suka fara mutuwa. Kumburin da ya saɓe ya dawo, wani ya fito a hammata. Na tsorata, amma maimakon in faɗa, sai na ƙara yawan ganye. Wata Juma'a da hantsi maƙwabciyarta ta kira ni ta ce numfashin Yaya ba daidai yake ba. A tasi muka ɗauke ta zuwa asibiti, muka tarar da cunkoso a hanyar Bwari. Kanta na kafaɗata, ina jin numfashin yana fita da ƙyar kamar ana jan ruwa da tsinken lemo. Duk sanda ya ɗan tsaya sai in ji nawa ma ya tsaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da ta farfaɗo, likitar da ke duba ta tun farko ta tambayi dalilin fashin allurar. Yaya ta ce ƙauye ta je, ra'ayin kanta ne. Na kasa jurewa, na fito da jarkar na faɗi gaskiya. Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce madam ba ta yi ƙarya ba, amma sai an tara tulin ganye kafin a tace ɗan abin da bai cika cokali ba, a raba shi da sauran abubuwan da ke cikin ganyen, a auna da nauyin mutum da jininsa, sannan a sa ta jijiya. Wanda ya dafa ya sha, dafin ya samu ba maganin ba. Sannan ta ce ciwon bai jira mu ba, kuma alkawarin warkewa da ta yi mana da farko, yanzu ba za ta iya maimaita shi ba.

Yaya na raye, ana yi mata allurai masu ƙarfi fiye da na da. Ba ta taɓa gaya wa mijinta ba, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan, in ka ji an ce daga tsiro kaza ake yin magani kaza, ka tsaya ka ji ƙarshen bayanin, kada kuma ka raba mara lafiya da likitansa don kana tausayinsa. Na tumɓuke fulawar nan kaf daga wajena, amma duk damina sai ta sake tsirowa da kanta. Har yau in na ga kiran Yaya a waya, sai in ɗauka in kasa kunne, har sai na ji muryarta ce ta ce auta.