Jiniyar Yaya

Da aka saya wa Umma wayar hannu, irin mai tocilar nan, ni na zama malamarta, don ni ce mai zuwa jami'a a gidan. Malanta ba lada, sai tambaya. Wanne ne na ɗauka, koren ko jan? In ta danna sifili sau biyu ƙasar waje za ta shiga? Na can ɓangaren yana ganin ta ba ɗankwali?

Babbar damuwarta ita ce ba ta karanta boko, ba ta sanin mai kira sai ta ɗauka. Sai na yi mata dabara, na sa wa kowa kukansa. Baba na ba shi mai taushi, mai kawo mana kifi daga Dogarawa kukan tsuntsu. Yayar Umma ta Sabon Gari, wadda mu ma Yaya muke ce mata, na sa mata jiniyar motar asibiti. Ban ga laifina ba. Matar nan in ta kira, sai ta faro daga ciwon gwiwarta, ta bi ta kan surukarta, ta dire a wanda ya yi mata kallon banza a gidan biki shekara goma baya. Tuwon Umma ya sha ƙonewa a kanta.

Umma ta ce ba ni da kunya, amma ba ta ce in canza ba. Da jiniya ta tashi sai ta ce, “Ku bar ta ta gama kukanta.” Daga baya a ɗora wa sabis laifi, shi da ba ya musu.

Wani mako jiniya ta yi kwana uku tana tashi. Ran na huɗu da hantsi, Umma na tsince shinkafa a tsakar gida, jiniya ta sake tashi.

“Ku bar ta ta gama kukanta,” in ji Umma, ko kai ba ta ɗaga ba.

Sai kukan ya tsaya cak, muka ji sallama daga zaure. Yaya ce, waya a hannu. Tun daga Sabon Gari ta hau bas zuwa Samaru, ta tsaya a ƙofa ta gwada sabis ɗinmu da kunnenta.

Kunya ta kama ni. Umma kuwa ta shiga shimfiɗa tabarma a kan tabarma. Yaya ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni.

“Ke ’yar boko, ni ce motar asibiti?”

Na ce wayar ce ta zaɓa da kanta. Ko kallon ƙaryar ba ta yi ba, ta juya ga ƙanwarta.

“Kujerar Makka na samu, jibi za mu shiga sansanin alhazai. Kwana uku ina neman ki mu yafi juna, don mai tafiya bai san dawowarsa ba.” Ta gyara mayafi. “Da ni zan fara roƙo. Yanzu kam fara, ina jin ki.”