Shigar Manyan Mutane

A shekarun tsuke bakin aljihu, na gama sakandare na dawo ƙauyenmu kusa da Ɗanbatta, na zauna ba aiki sai haƙuri. Ana nan sai wani ɗan ajinmu da ke aiki a kamfanin sabulu a Kano ya aiko min da katin liyafar cin abinci. Ya ce manajansu zai zo, ni dai in gaishe shi in faɗi sunana, shi zai ƙarasa maganar aikin.

A ƙasan katin an rubuta "bilak tai". Ni da Baba muka kai wa hedimastan firamarenmu. Ya gyara tabarau ya ce sunan shigar manyan mutane ce bayan faɗuwar rana: baƙar kwat da wando, farar shat, da ɗan nakatai mai kama da malam-buɗe-littafi.

Baba ya ce, "Ga babbar rigata ta Sallah, ka sa mana."

Na ce, "Haba Baba, wurin 'yan boko ne fa."

Har yau maganar nan tana cin raina. Ranar kasuwa Baba ya fito da irin gyaɗar da ya ɓoye wa damina, wanda ko a tsakiyar yunwa bai bari an taɓa ba. Muka sayar, muka shiga layin 'yan gwanjo. Kwat ɗin ta yi min yawa a kafaɗa, Inna ta rage ta da allura, ta kuma haɗa min nakatai da ƙyallen tsohon ɗankwalinta.

Ranar liyafar, bayan magariba, na shiga ɗakin taron, gumi yana bin bayana. Manaja da manyan baƙi duk babbar riga suka sa, shadda sai ƙyalli take. Masu irin shigata kuwa suna nan, kowa da faranti a hannu, suna raba lemo.

Na daure na ƙarasa gaban manaja, na rusuna. Ko fuskata bai duba ba. Ya miƙo min kofin da ya shanye ya ce, "Ƙaro ruwa, mai sanyi."

Abokina yana gefe, ya sunkuyar da kai. Sunana yana bakina amma ya ƙi fita. Na karɓi kofin da hannu biyu, na je na ƙaro masa.