Shekara Bakwai Babu Yaya Usmanu, Kekensa na Nan

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Usmanu, mai gyaran keke a ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla. Abin da ya bar mini baƙin kekensa ne, mai nauyi, mai kariyar ɗaura kaya a baya, wanda yake ɗaukar buhu biyu na dawa bai yi ƙara ba. A makon jiya saura kaɗan in rabu da shi.

Yaya mutum ne mai zargi, ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan moɗa. Lokacin da kekuna masu sifirin gaba da baya suka shigo kasuwar Sinnar, aka ce na hawan dutse ne, cewa ya yi: "Wane dutse muke da shi a Jazira?" Amma ya zauna ya karance su. Ya ce a danna sirdi da ƙarfi a saki. Na ƙwarai yana dawowa a hankali don akwai mai a cikinsa, na jabu kuwa zabura yake kamar kwaɗo.

Abin da ya fi ba shi haushi mutanenmu ne. Mutum zai sayi keke mai sifirin, ya ga babu wurin ɗaura kaya, sai ya kai a yi masa waldar kariya daga ƙarƙashin sirdi zuwa gindin tayar baya. Shi ke nan an ɗaure sifirin, ba ya sake motsi. Yaya bai taɓa yarda ya yi wannan walda ba. Yakan nuna keken ya ce: "Wagga ajala bayan mutum take ɗauka, ba buhu ba. Zaɓi guda."

Yanzu ni ne bayana ya gaji. Hanyar gonata, hawashar da na gada, ta bi bakin tur'a ce, wato magudanar ruwan noma, kuma da rani baƙar ƙasar nan takan dare har ƙafa ta shige. Kowane rami sai na ji shi a ƙuguna. Ana haka sai ga Ɗahiru, wani dillali daga Sinnar, da jan keke mai sifirin. Ya ce: "Ya Hajj, ba ni tsohon, ka riƙe sabon. Wallahi don bayanka nake yi."

Na danna sirdi na saki, ina fatan ya zabura in sami hujjar korarsa. Sai ya dawo a hankali. Na hau na bi bakin tur'a, tayoyin suna lafe da ƙasa, ramukan suna wucewa ban ji su ba. Gaskiya na ji daɗi, har na ji kunyar Yaya.

A kan hanyar dawowa na tambayi kaina abin da zai ce da yana raye. Na san ba sabon zai duba ba, idon Ɗahiru zai duba. Ruwa ba ya tsami banza. Tun da man fetur ya yi wuya, keken da ke ɗaukar buhu biyu ya zama jakin kowane gida. Na tarar da Ɗahiru tsugune yana jijjiga kariyar tsohon, ko kallon nasa bai yi ba. Na tambaye shi inda zan ɗaura dawata.

"Sai a yi maka walda, ai kowa haka yake yi," in ji shi.

Na miƙa masa kekensa.

Ban ce Yaya ya yi daidai a komai ba. Zarginsa ya raba shi da abokai, kuma ni ma ban gama yafe masa daɗin da ya hana ni ba. Amma dawata tana isa gida. In na zo inda ƙasa ta dare sai in sauka in tura, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a ƙugu, ina yi wa Yaya mita, ina roƙon Allah Ya jiƙansa.