Farin Gefen Takarda

Da yayana ya rasu, hoto ɗaya ya bar mini: dabinai uku a wani kwari wajen Bune. Shi ya sassaƙa su a katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda mai kauri. A farin gefen ƙasa ya rubuta da fensir, "Na ƙanwata."

Na kai wa wani kafinta a kasuwar Gure ya sa mini shi a gilashi. Na ce, "Malam, ka wanke hannu kafin ka taɓa." Ban ce kar ya yanka ba. Wa zai zaci sai an faɗa?

Da na koma, ya miƙo mini yana murmushi. "Hajiya, takardar ta fi katakon girma, sai na rage farin. Ai ba komai a wurin."

Ba komai! Na wanke shi tas, na tone ɓarɓashin katakonsa kaf ina neman guntun takardar, ban samu ba.

Yanzu hoton yana rataye a ɗakina, a gidan da ba sauran mai ce mini ƙanwa. Baƙi sukan yaba dabinan. Ni ƙasansu nake kallo.