Cigiyar Akwatin da Ya Faɗo Daga Sama

Shekarar da masaƙar da nake aiki a Kano ta sallame mu, na kwashi matata da yara muka koma Mainika, gidan kawuna. Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aiki ya yi wuya a birni, ga shari'a kuma ta shigo da zafinta, kowa yana kaffa-kaffa da kayan mutane. Kawu ya yanka mini gefen gonarsa ya ce in noma. Abin da na dawo da shi daga birni bai wuce tsohon babur da katifa ba.

Kawu malamin Islamiyya ne, mutum mai tsananin tsoron haƙƙin wani. Ya taɓa bin wani mai tallan manja har Getso a ƙasa don ya mayar masa da murfin galan da ya manta a ƙofar gidanmu. Ba ya wasa, ba ya kuma gane lokacin da ake masa wasa.

Daminar wannan shekara ta yi jinkiri. Mun gaji da jira muka yi binne, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna kallon gabas. Wata rana da hantsi na je gona in ga ko zabi sun tone irin, sai na hango wani abu yana reto a jikin ɗorawa. Wata yagaggiyar roba ce mai faɗi ta maƙale a reshe, doguwar igiya ta sauko daga gare ta, a ƙarshen igiyar kuma ga wani ɗan farin akwati da aka yi da irin soson nan da ake sanya sabuwar rediyo a ciki. Wata 'yar waya ta leƙo daga gefensa. Akwai rubutun boko a jiki, amma ba Turancin da na sani ba ne. Na hau bishiya na kwance shi, na naɗe igiyar, na taho da shi gida ina tunanin ko za a samu batir a ciki.

Na tarar da Kawu a zaure yana gyaran alƙalami da wuƙa. Ya dubi akwatin, ya dube ni.

"A ina ka samo wannan?"

"A gona, Kawu. Daga sama ya faɗo."

"Kai ka ɗauko shi? Da hannunka?"

Na ce da hannuna.

Ya ajiye wuƙar ya yi salati. "Da ka bar shi a inda ka gan shi, babu ruwanka. Tunda ka ɗauka, ya hau wuyanka. Wannan tsintuwa ce. Shekara guda za ka yi kana cigiyar mai shi, a kasuwanni da ƙofofin masallatai."

"Kawu, abin da ya faɗo daga sama wa za a yi wa cigiya?"

Ya kamo igiyar ya nuna mini inda aka ɗaure ta. "Ka ga ƙullin nan? Hannun ɗan Adam ne ya yi shi. Yana da mai shi, wataƙila yanzu haka yana can hankalinsa a tashe."

Sannan ya faɗa mini sharaɗin da ya fi wahala. Mai cigiya ba ya faɗin kamannin abin da ya tsinta, don kada maƙaryaci ya zo ya karɓe. Mai kaya ne zai siffanta kayansa. Aka sa akwatin a buhu, aka rataye shi a ɗakin Kawu.

Ranar kasuwar Gwarzo na goya Kawu a babur muka tafi, don ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba, ya san halin mutanen birni da jin kunya. Ya tsayar da ni a kan wani turmi kusa da 'yan hatsi, na ɗaga murya.

"Jama'a, wa ya yar da wani abu?"

Aka ce, "Wane abu?"

Na ce, "Ba a faɗa."

"To a ina aka yar da shi?"

Na dubi Kawu, ya gyaɗa kai alamar wannan ya halatta in faɗa. Na ce, "A sama."

Wani mai awon gero ya zo ya taɓa kafaɗar Kawu a hankali, ya ce akwai wani malami a Durun da ya iya rubutun sha na masu irin wannan lalurar, kuma a daina barina ina yawo a rana.

Haka muka riƙa zagayawa, Gwarzo, Kabo, Getso, duk inda kasuwa ta ci. Labari ya bazu, masu ɓatan kaya suka fara sallama a zaurenmu. Wata tsohuwa ta zo neman akuyarta. Wani ya zo neman keke. Wani dattijo ya ce guguwa ta taɓa ɗauke masa hula tun yana saurayi, ya ga ta yi sama bai ga saukowarta ba. Kawu ya zauna ya yi masa tambayoyi sosai, don a cewarsa shi ne na farko da ya zo da magana mai kama hankali. Sai ranar da wani mutumin Kabo ya zo ya ce nasa fari ne.

Kawu ya gyara zama. "Yana da nauyi?"

"Ba shi da nauyi, Malam, hannu ɗaya ke ɗaukarsa."

"Akwai igiya a jikinsa?"

"Akwai, ni na ɗaura masa."

Kawu ya miƙe tsaye yana hamdala, ya ce in shiga in ɗauko buhu. Ina bakin ƙofa na ji mutumin yana ƙarawa da cewa idan asuba ta yi babu zakaran da ya kai shi cara a unguwarsu.

Duk wannan lokaci ruwa bai sauka ba. An yi sallar roƙon ruwa, hadari ya haɗu ya watse. Sai aka fara ƙus-ƙus cewa abin da ke rataye a ɗakin Kawu shi ya riƙe ruwan. Da ruwan ya tashi zuwa kuma, ya zo da iska da ƙanƙara manya-manya, ya huda kwanon makaranta, ya kashe kaji, ya kwantar da 'yar shukar da ta fito. Waɗanda suka ce akwatin ne ya hana ruwa, su ne dai suka ce shi ya kawo ƙanƙara. Aka kai magana gaban dagaci, dagaci ya tura ta ga 'yan kwamitin shari'a na gari, su kuma suka ce ta fi ƙarfinsu, sai alƙali a Gwarzo.

Alƙalin mutum ne mai haƙuri. Ya sa aka fitar da akwatin daga buhu, bayan Kawu ya roƙi a fitar da 'yan kallo don kada su ga kamanninsa. Ya jujjuya shi, ya kara shi a kunne, ya ajiye.

"Wa ake ƙara?"

Wakilin manoma ya nuna akwatin.

Alƙali ya ce bai taɓa karanta inda aka rantsar da akwati ba, kuma ba zai fara a kansa ba. Magatakardansa ne ya ce ya ji a rediyo cewa akwai masu binciken yanayi a birni da ke sakin abubuwa sama. Alƙali ya yi farin ciki da jin haka, ya ce mu tafi can, kada mu dawo masa.

Muka tafi Kano. Bayan tambaya da ɓatan hanya muka samu ofishin, ɗaki ɗaya mai fankar da ba ta juyawa, da wani dattijon ma'aikaci mai furfura yana fifita da kwali. Kawu ya ƙi buɗe buhun, ya ce sai ma'aikacin ya siffanta abin da ke ciki. Da na faɗa masa inda na samo shi, mutumin ya yi murmushi ya ce farin akwatin soso ne, da 'yar waya a gefe, da doguwar igiya, da yagaggiyar roba. Kawu ya rungumi mutumin har hularsa ta faɗi.

Ma'aikacin ya karɓi akwatin da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ya ce robar nan balan-balan ce babba, ana hura mata wata iska mara nauyi a sake ta da akwatin. Tana hawa, akwatin yana auna zafi da laima da ƙarfin iska, yana aiko da labari ƙasa ta rediyo. Idan ta yi nisa sosai sai ta fashe, akwatin ya faɗo duk inda ya ga dama. Ya tambaye ni lokacin da na gan shi da gefen da robar ta kwanta, yana ta jinjina kai. Ya ce iskar can sama hanyarta daban da wadda muke ji a ƙasa, kuma abin da suke gani a 'yan shekarun nan shi ne damina tana makara, in ta zo kuma ta zubar da ruwan wata guda a yini ɗaya.

Kawu ya ce, "Mutanenmu sun ce shi ya riƙe ruwa."

"Malam, da yana riƙe ruwa da tuni na kai shi gidana ya saki, rijiyata ta ƙafe."

"Alhamdu lillahi. To ga kayanka, ka sauke wa yaron nan nauyi."

Mutumin ya mayar da akwatin kan tebur, ya tura shi gabanmu. "Ai ba namu ba ne. Mu rabonmu da sakin irin wannan an daɗe, babu iskar hurawa. Dubi rubutun, Faransanci ne. Daga wata ƙasar maƙwabta iska ta kawo muku shi. Amma ku kwantar da hankalinku, duk wanda ya saki wannan ya sake shi ne ba da niyyar ya dawo ba."

"Ka ji daga bakinsa?"

"A'a, Malam, amma haka ake yi a duk duniya."

Kawu ya mayar da akwatin cikin buhu. Ya ce ba a yafe haƙƙin mutum a bayan idonsa. Ya ƙara da cewa yanzu ya gane kuskurenmu: wata da watanni muna cigiya da Hausa, alhali mai kayan ba ya jin Hausa. Ya roƙi ma'aikacin ya koya mini cigiyar da Faransanci. Mutumin ya dube ni da tausayi, ya yi ta maimaita mini wata jimla har ta zauna a bakina.

Sauran watannin da Faransanci na yi su. Ina hawa turmi in faɗi jimlata sau uku, Kawu yana gefe yana duba fuskokin mutane ko wani zai zabura. A Kabo aka ɗauka maganin basir nake talla, har wata mata ta tsaya tana tambayar yadda ake sha.

Da shekara ta zagayo, Kawu ya ce yanzu ya halatta a yi sadaka da shi, ladan ya tafi ga mai shi. Sai dai babu mai karɓa. Mai gyaran rediyo ya ce a kai kasuwa. Makahon ƙofar masallaci ya shafa shi ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Matata ta so ta karɓi igiyar don shanya, Kawu ya ce ba a raba tsintuwa gunduwa-gunduwa.

Wata malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata da ke Kabo ta cece ni. Ta ji labari ta zo har gida, ta ce tana so ta nuna wa ɗalibanta. Kawu ya kira shaidu biyu, ya sa na miƙa mata a gabansu, ya kuma sa ta yi alkawarin cewa idan wani Bafaranshe ya zo ya siffanta shi za ta aiko a kira mu. Don ta girmama shi, ta gayyace shi ya yi wa ajin bayani a kan akwatin. Na kai shi a babur. Ya tsaya gaban allo ya cinye darasin gaba ɗaya yana karantar da hukuncin tsintuwa, da bambancin wanda ya tsinci raƙumi da wanda ya tsinci tunkiya. Da aka ba da damar tambaya, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaushe za a yi ruwa bana?"

Ya ce, "Allah ne masani."

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga nan Kawu ya shiga uku. Duk farkon damina manoma daga Durun da ƙauyukan Kabo sukan cika zaurenmu, wasu da kaji a hannu, suna tambayar ranar da za su yi shuka. Ya yi rantsuwa, ya yi wa'azi, ya mayar da kaji, ya ce shi bai san komai a kan hadari ba. Ba abin da yake faɗa musu sai Allah ne masani. Su kuwa sai su fito waje su tsaya suna gardama a kan yadda ya faɗe ta, ko da sauri ko a hankali, ko yana kallon gabas lokacin. Idan suka daidaita, sai kowa ya hau kekensa ya tafi fitar da iri.