Ba mai goge Hausar Baba Fuseini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kan babur a hanyar Vittin da safen nan aka kira ni: Baba Fuseini ya rasu. Sai da na sauka na zauna a gefen titi.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon nan ne na Nyanshegu da ya koya mana rubuta kod na kwamfuta. Kullum yana yi mana gori wai ya girmi Ghana, yana goye a bayan uwarsa aka sauke tutar Bature.

Ni mai sayar da atamfa ce, Turancina na kasuwa ne. Ranar da na kasa gane sitak, wato yadda kwamfuta ke tara bayanai ɗaya kan ɗaya, da kansa ya je ya aro kwanukan mai waakye, shinkafa da wake. "Hajara, ɗora. Ƙara ɗorawa. To, ɗauke. Wanne ya fara fita?" Na ce na ƙarshe. Ya ce, "Shi ke nan sitak. In jerin ya cika kuma ba a korar kaya, a buɗe wuri ninki biyu a kwashe su can."

Haka ya rubuta mana laburarensa, wato tarin kod da kowa ke ɗauka ya yi aiki da shi. Umarni uku: ɗora, ɗauke, leƙa. Bayani duk da Hausa.

Asabar da ta wuce na kai masa kod ɗin da na rubuta, don da na kunna sai kod ɗin ya mutu. Ya duba, ya yi dariya har da tari. "Kina ɗauka daga wofi, 'yata. Ki fara leƙawa mana." Da zan tafi ya rubuta mini kalmar sirrin laburaren a takarda, wadda sai da ita ake canza komai a cikinsa, ya ce in riƙe.

Ashe sallama ce. Wallahi zuciyata ta karye.

To, yanzu ku ji. Ko jana'iza ba a yi ba, wasu a guruf ɗinmu na waya sun fara cewa tunda tsohon ya tafi, a mayar da umarnin Turanci, ɗora ya koma push, ɗauke pop, a goge Hausar, wai don mutanen waje su ga girmanmu.

Haba! Ba ku jin kunya?

Matan unguwar Kalpohin da suka fara koyo watan jiya fa, da wane yare za su karanta? Takardar nan tana hannuna, kuma ban yarda ba. Mai son Turanci ya kwafa ya je ya yi nasa, ba mai hana shi.

Aji yana nan ranar Asabar. Ni zan aro kwanukan.

Allah ya jiƙanka Baba, ya yalwata makwancinka, ya sa ilimin nan ya bi ka. Duk wanda ya taɓa rubuta ɗora ko ɗauke, don Allah ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.