Baƙin dutsen Baba

Ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a unguwar Ƙuba, a Madina. Rannan ina shirya darasi na ci karo da kalmar paragon, wato mutum ko abin da ya kai maƙura a nagarta har ake auna saura da shi. Na bi asalinta, sai na tarar daga Italiyanci ta fito, sunan baƙin dutsen da ake goga zinariya a kai ne don a gane ta gaske. Na rufe littafin, darasin da ban gama ba ke nan.

Na san dutsen nan. Babana maƙerin zinariya ne a unguwar Anbariyya. Zai goga abu a dutsen, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen da ya bari. In zanen ya tsaya, zinariya ce. In ya ɓace, a kai kasuwa.

Ummata tana da awarwaro ɗaya da kakata ta taho da shi daga Kano a ƙafa. Ba bikin da ba ta ɗaga hannu ta ce zinariyar da ce, ba irin ta yanzu ba. Sau nawa ta ce Baba ya gwada don a rufe bakin masu musu? Kullum amsarsa ɗaya: "Kayan gida ba ya hawa dutsena."

Shekara biyu da rasuwarta aka sa bikin 'yata. Na kai masa awarwaron ya narka ya yi mata 'yan kunne. Ya ƙi. Ni kuwa da baƙar zuciya, na ce ya yi wa duk Madina aiki, jikarsa ce ba ta isa ba? Na tsaya a kansa har ya jawo dutsen.

Ya goga, ya ɗiga ruwan. Zanen ya ɓace tas.

"Tagulla ce, uwata," ya ce. "Tun ranar da na fara riƙe hannun Ummarki na sani. Nauyin bai kai ba."

Shekara arba'in yana rufa mata asiri, ni na tona a minti ɗaya. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Ya share awarwaron da gefen rigarsa, ya daɗe yana shafa inda dutsen ya ci. Bai mayar mini da shi ba.